Tayoyin da Suka Raba Mu da Ɗaliban Tsafe

Zuwa ga Shugaban Kamfanin da ya sayar mana da motar lantarki,

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Ina kuma yi maka barka da damina.

Sunana Lawali. Malamin kimiyya ne ni a wata makarantar sakandare a Gusau, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Ban rubuta sunanka ko na kamfaninka a nan ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba. Za ka gane da kai nake. Motocin lantarki ƙirar jif da ke Gusau ba su da yawan da za su ruɗa mutum, kuma guda ɗaya ce a cikinsu aka sayar wa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makaranta. Na kai takarda reshenku na nan har sau biyu, na yi ta kiran lambar ofishinku har masu ɗauka sun gane muryata. Kowa na karɓata da mutunci, amma babu wanda ke da ikon yanke magana a cikinsu. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta ya miƙa maka.

Na ɗaya: abin da motar nan take a wurinmu

Tsofaffin ɗalibanmu ne suka haɗa ƙarfi suka saye ta a hannunku, kuma ba don hawa ba. Akwai makarantu a kewayenmu da yara ke karanta kimiyya shekara uku ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Sai muka ce tunda ba za mu iya gina wa kowa ɗakin gwaji ba, bari mu ɗauki namu mu riƙa kai musu. Muka cire kujerun baya muka sa akwatuna: kwalabe, bututun gilashi, ma'auni, madubin ganin ƙwayoyin halitta guda shida, kwamfutoci huɗu da majigi. An zaɓi mai lantarki saboda abu biyu. Makarantarmu na da sola, ba sai mun nemi mai ba. Sa'annan motar da kanta tana ba da wuta: in mun isa, sai mu ja waya daga jikinta ta taga zuwa cikin aji, fitilun madubai su kama, majigi ya tashi.

Ranar Alhamis muna zuwa Bungudu, ranar Asabar Tsafe. In an sami sarari mu leƙa Mada. Ni ne ke tuƙi, abokin aikina Malam Haruna, malamin ilimin sinadarai, yana gefena. Ajin Tsafe shi ne ya fi tsaya mana a rai. Ɗalibai ne 'yan ajin ƙarshe, talatin da 'yan kai, mafi yawansu mata, a makarantar da Malama Saratu ke shugabanta. Bana za su zauna jarrabawar kammala sakandare, kuma a cikinta akwai gwajin hannu, wanda ba a cin sa da hadda. Sai ka tsaya gaban kwalba kana ɗiga ruwan magani daga bututu, ɗigo-ɗigo, har launi ya juya, ka karanta ma'auni ka rubuta. Yaron da bai taɓa yi ba, a ranar sai ya zuba fiye da kima, maki ya tafi.

Da tayoyin da motar ta zo da su, tafiyar Tsafe ba ta taɓa ba mu tsoro ba. Solarmu ba ta cika batir a kwanakin hadari, yawanci muna tashi da kashi saba'in. Mu je, mu yi awa huɗu muna shan wuta a aji, mu dawo Gusau da kashi ashirin ko fiye. Haka muka yi wata da watanni.

Na biyu: yadda aka canza tayoyin

A farkon daminar nan muka nufi Mada. Ruwa ya ci hanya, manyan motoci sun haƙa ramuka biyu sun bar tudu a tsakiya. Cikin motar ya gogi tudun nan da wata ƙara da har yau ina jin ta a haƙorana. Batirin motar a ƙasa yake, shimfiɗe ƙarƙashin kujeru, kuma an gaya mana tun ranar saye cewa shi ne rabin kuɗinta. Na kwana biyu ban sami natsuwa ba, sai na kai ta reshenku a duba.

Wakilinku na Gusau ya shiga ƙarƙashinta ya fito ya ce batir lafiya lau, murfi ne kawai ya karce. Sa'annan ya ce, da bakinsa, a cikin harabar reshenku: "Malam, wagga mota cikinta ƙasa-ƙasa yake. Ba don hanyoyinmu anka yi ta ba. In ba a ɗaga ta ba, wata rana dutse na huda ta." Ya nuna mini wasu wili masu faɗi, wato ƙarfen da ake sa wa taya, a jingine da bango, da tayoyi masu manyan haƙora irin na motocin daji. Na motar inci goma sha takwas ne, waɗannan ashirin. Ya ce in aka sa su za ta ɗagu, ta shiga laka ta fita.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya tashi a garin nan ya san wannan al'ada. Mutum na sayen jif, kafin ya je ya nuna wa surukai sai ya biya ta wurin masu taya an ɗaga ta. Mahaifina haka ya yi wa tasa, maƙwabcina haka. Kowa ya san babbar taya na ƙara shan mai, amma wa ya damu? Ko ina mai ya ƙare maka tsakanin Gusau da Funtua, akwai mai bumburutu da galan a bakin hanya. Da wannan tunanin na tsaya gaban motar da ba ta shan mai, kuma ban lura ba.

Na yi tambaya ɗaya, ita ma sama-sama. Na ce caji fa? Ya ce ɗan kaɗan zai ragu, ba abin da zan lura da shi ba. Aka yi ciniki irin namu na musaya: ya karɓi wili huɗu da tayoyin asali, ƙungiya ta yi ciko. Ramukan kusoshi ba su zo daidai ba, sai aka sa wani faifan ƙarfe a tsakani aka ɗaure. Ban karɓi rasit ba, ban nemi ya rubuta mini komai ba.

Dole in faɗi dalili, don shi ne tushen wahalata. Wakilin nan naku ɗalibina ne. Shekara uku yana zaune a layin gaba a ajina. Ni na rubuta masa takardar shaida lokacin da ya nemi aiki a wurinku. In na shiga reshen, tashi yake yi ya ba ni kujerarsa, ba ya zama sai na ce ya zauna. A wurinmu, ka ce wa wanda ka koyar ya rubuta maka takarda kan maganar da ya faɗa, daidai yake da ka ce masa ba ka yarda da tarbiyyar da kai ka ba shi ba. Muka yi musabaha, na ce Allah ya sa albarka, na ja mota. Har na tsaya a ƙofar makaranta ɗalibai suka kewaye ta suna yabawa, ni ma ina jin daɗi. Ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba.

Na uku: abin da ya biyo baya

Alhamis ta farko, Bungudu, babu abin da na gani, domin tafiyar gajera ce. Sai dai wata ƙara da tayoyin ke yi a kwalta, da kuma wani gurzo da nake ji ta gaba in na karya kwana da kaya a ciki. Na kira wakilinku, ya ce sabuwar taya ce, za ta zauna.

Asabar ta farko muka dawo daga Tsafe da kashi tara. Na ce ƙila hadari ne ya hana sola cika ta. Asabar ta biyu, kashi shida. Malam Haruna ya dube ni ya ce, "Lawali, wannan takalmin da ka saya mata cin tuwo yake yi." Muka yi dariya, muka rage awa ɗaya a darasi, muka daina kunna sanyin mota.

Daga baya ne na zauna da takarda da biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun a harabarku. Kowace taya ta fi ta asali nauyi sosai, na ɗora su a sikelin masu hatsi na gani. Haƙoranta na kama kwalta, mota na kashe ƙarfi wajen ɓamɓare su. Ta ɗagu, iska na ƙara tokare ta. Abin da ya fi muni, babbar taya na cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, amma na'urar motar ba ta san an canza mata ƙafa ba, tana lissafi da tsohuwar. Saboda haka gudun da take nuna mini bai kai wanda nake yi ba, sauran tafiyar da take yi mini alkawari kuma ba gaskiya ba ce. Wannan darasi ne na 'yan aji huɗu. Ni na koyar da shi, wakilinku ya zauna ya rubuta shi a littafinsa, kuma mu biyun babu wanda ya tuna.

Gurzon nan kuma ashe taya ce ke cin robar da ke samanta. Ta cinye robar, ta kai ga wata siririyar waya da ke gaya wa mota yadda ƙafar ke juyawa, ta tsinke ta. Ban sani ba sai ranar da fitilu uku suka kama a allon gabana. Motar nan, in ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki, tana mayar da wuta cikin batir. Da wayar ta tsinke, wannan ya tsaya.

Na huɗu: Asabar ta uku

Fitilun sun kama ne muna shiga Tsafe. Na yi tunanin juyawa, amma yara sun riga sun fito suna ɗaukar akwatuna. Ranar ce ta farko da muka fara gwajin ɗigo da su. Rukuni biyu cikin shida suka samu suka yi da hannunsu, sauran muka ce sai mako mai zuwa. Muka taso bayan azahar, allo na cewa wutar za ta kai mu gida har da saura.

Muna hango dutsen Kwatarkwashi sai hoton kunkuru ya fito a allo, alamar wuta ta kusa ƙarewa, mota ta koma tafiyar keke. Na lallaɓa ta har bakin wani ƙauye, a nan ta tsaya cik. La'asar ta yi. Ba sai na yi maka bayanin abin da ake nufi da mota ta tsaya wa mutum a wannan hanya rana na sunkuyawa ba. Duk wanda ke bin ta yana duba agogo fiye da yadda yake duba madubi.

Akwai mai bumburutu a wajen, dattijo ne mai raha. Ya taso da galan da mazurari yana cewa, "Sannunku Malamai, nawa za a zuba?" Ya zagaya motar yana neman bakin tanki bai gani ba. Da muka yi masa bayani sai ya ajiye galan ya riƙe haɓa ya ce, "To ni dai ban da wuta cikin jarka. Wagga sai dai a yi mata addu'a." Mutanen garin suka yi mana abin da ya fi ƙarfin godiya. Mai injin niƙa ya jawo janaretonsa, muka haɗa, motar ta ƙi karɓa. Mai walda ya kawo nasa, ta karɓa na minti kaɗan ta yanke. Wani direban motar kaya ƙirar kanta ya ce zai ja mu da igiya, na buɗe littafin motar na ga an hana jan ta tayoyi a ƙasa. A ƙarshe magidanta takwas suka tura ta har ƙofar gidan mai unguwa, muka kwashe kwalaben magani muka kulle a zaurensa, muka tari motar haya ta ƙarshe muka shigo Gusau ana kiran magariba. Washegari aka ɗauko ta a bayan babbar mota, jama'a na kallo.

Ba abin da ya same mu, alhamdu lillahi. Amma kwamitin ƙungiya ya zauna a makon. Shugabansu, Alhaji Mamman, wanda shi ya fi kowa sa hannu a sayen motar, ya ce, "Malam Lawali, mota ana sayen wata. Kai da Malam Haruna in wani abu ya same ku bisa hanya, mi za mu ce ma iyalanku?" Suka yanke cewa motar ba ta ƙara wuce Bungudu sai ta koma yadda take. Ban yi musu ba, domin gaskiya suka faɗa.

Na biyar: amsar da ofishinku ya ba ni

Na koma reshenku na ce a mayar mini da tayoyina na asali, a karɓi waɗannan, ba na neman cikon da muka yi. Wakilinku ya sunkuyar da kai. Ya ce ba sa nan. A makon da aka cire su aka turo daga babban ofishinku cewa ana neman wili irin wannan, kayan gyara sun yanke, sai ya ɗora su a mota aka tafi da su. Ko suna ɗakin ajiyarku, ko suna ƙarƙashin motar wani, bai sani ba.

Na kira babban ofishin. Wata baiwar Allah mai ladabi ta saurare ni har ƙarshe, ta ce za ta bincika. Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo wayata. Abu uku ya ƙunsa. Cewa sa wili da ba na kamfani ba ya soke garantin ƙafafu da birki da duk abin da ya shafe su. Cewa babu wata shaida a rubuce da ke nuna reshenku ne ya yi aikin. Cewa in ina son wili na asali, sai an yi oda daga waje, wata uku zuwa huɗu.

Ranka ya daɗe, saura mako shida a yi gwajin hannu.

Kada ka ɗauka zama na yi ina jira. Na zagaye masu taya na Gusau kaf. Na aika hoto da awo Kano da Kaduna ta hannun direbobin tasha. Wili mai inci goma sha takwas yana nan birjik, amma ramukan kusoshin motarku daban suke, kuma na asalin akwai wata 'yar na'ura a cikinsu da ke gaya wa mota ƙarfin iska. Wani mai faci da na daɗe da sani ya ce zai iya huda wasu ramukan a wilin wata mota ya daidaita. Na gode masa na ƙi. Na riga na yi wa motar nan dabara sau ɗaya. Wayar da ta tsinke kuma, makanikai uku sun duba, kowa ya ce zai iya ɗaure ta, amma fitilun ba za su mutu ba sai an haɗa motar da kwamfutar kamfani, ita kuwa tana wurinku.

Na gwada zuwa ba motar. Asabar ta huɗu muka ɗauki akwati biyu muka shiga motar haya. Direban farko da ya ji akwai ruwan asid ya ce mu sauka, kuma bai yi laifi ba, da mata da jarirai a motar. Na biyu ya yarda aka sa a but, bayan mota, tare da buhunan masara. Muka isa Tsafe bututu huɗu cikin shida sun fashe. Su ne muke da su, ba a sayar da irinsu a Gusau. Ga shi babu wutar da za ta kunna madubai. Asabar ta biyar ban je ba. Da hantsi Malama Saratu ta kira ni ta ce, "Malam, yara sun share aji tun da safe, sun jera tebura. In ce musu mi?" Na ce ta ce musu ina gaishe su.

Na shida: rabon laifi

Ba zan ɗora muku duka ba. Ni na yarda, ni na ga kyau na ruɗu, ni na ƙi neman takarda, ni kuma na ci gaba da tafiya bayan na ga caji na raguwa. Littafin motar ma, a wani shafi can ciki da ƙananan haruffa na Turanci, ya ce kada a canza girman taya. Na same shi bayan aikin gama ya gama. Wannan nawa ne, na ɗauka, na kuma faɗa wa kwamiti haka a gaban kowa.

Amma ga naku. A harabarku aka yi aikin, ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunanku. Ma'aikacinku ne ya ba da shawara, da rigar kamfani a jikinsa. Wili ɗin da kuka ce sun soke garanti, a jingine da bangonku na same su. Waɗanda aka cire kuma ofishinku ne ya karɓe su ya amfana. Ta yaya kamfani zai karɓi tayoyina na asali da hannun dama, ya rubuto mini da hannun hagu cewa bai san an cire su ba? Sa'annan kun kawo sabuwar irin mota garin da kowa ya saba da ɗaga jif, kun sa matashi a reshe ba ku koya masa cewa wannan ba a yi mata haka ba. Na tambaye shi ko an taɓa gaya musu a horo, ya ce horon kwana biyu ne, kuma kan yadda ake sayarwa aka yi shi.

Nan ne na fi rasa yadda zan yi. An ce in kawo shaida. Shaidata ɗaya ce, shi ne wakilin. Ya zo gidana ya durƙusa a zaure ya ce, "Malam, wallahi gyara na yi nufi. In ka ce in rubuta, yanzu zan rubuta ni na sa." Na san in ya rubuta, a bakin aikinsa. Yana da mata da 'ya'ya biyu, shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Na ce ya tashi, kada ya rubuta komai. Ga ɗalibina na jiya a hannu ɗaya, ga talatin da 'yan kai na yau a ɗaya hannun, tsarin ofishinku na cewa sai na saki ɗaya. Na san wannan wasiƙar ma tana nuna shi, ko ban faɗi sunansa ba. Na gaya masa kafin in rubuta, ya ce in rubuta. Na yi kwanaki ina jujjuya abin, ban ga wata ƙofa ba.

Abin da nake roƙo

Ba diyya nake nema ba, ba kuma zan kai ƙara ko'ina ba. Ba ni da takarda, ba ni da lokaci.

Ina roƙon ka sa a duba ɗakin ajiyarku. In wili huɗun nan suna nan, a ɗoro su a motar Gusau, ni zan je tasha in karɓa da kaina. In an riga an sa wa wani, to a ara mana na wata motar da ke tsaye a wurin nuni ba a saya ba, na mako shida kacal. Alhaji Mamman ya ce zai sa hannu a madadin ƙungiya cewa za a mayar da su lafiya. Wannan karon da takarda.

Ina roƙon a turo ma'aikaci ɗaya da kwamfutar nan, yini ɗaya ya ishe shi, ya gyara wayar ya kashe fitilun. Masaukinsa da abincinsa a wuyana.

Ina roƙon kada a kori wakilinku. A koya masa, a koya wa sauran. A rubuta da Hausa, da manyan haruffa, a manna a kowane reshe da cikin kowace mota, cewa ba a ƙara wa motar lantarki girman taya sai da sanin kamfani. Akwai mutum biyu a garin nan da suka ga tamu suka yi sha'awa, na bi su har gida na hana su. Sauran da ban sani ba fa?

In kuma duk wannan ba zai yiwu ba, ina roƙon a gaya mini a fili, da wuri. "Ana dubawa" ita ce amsar da ta fi cutar da mu, domin ita nake ɗauka in kai wa Malama Saratu, ita kuma ta kai wa yara, su sake share aji.

Asabar mai zuwa zan shiga motar haya in tafi Tsafe, ko da amsarka ko babu. Zan ɗauki bututu biyun da suka rage a cinyata, a naɗe cikin rawani, da ruwan rijiya a madadin magani tunda asid ba na motar haya ba ne, ko hannunsu ya saba da buɗe famfon bututun da rufe shi. Rukuni huɗu ba su taɓa ganin launin na juyawa ba. Zan tsaya gaban allo in gaya musu cewa ruwan zai kasance rawaya, sai ɗigo ɗaya ya faɗa ya koma ruwan goro, a nan za su tsaya. Za su rubuta a littafi, domin yara ne masu biyayya. A ranar jarrabawa ne za su fara gani da idonsu, mai duba su na tsaye a kansu da agogo. Iyakar abin da ke hannuna ke nan. Sauran yana ɗakin ajiyarka.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, ya shirya maka zuriya, ya haɗa 'ya'yanka da malaman da za su tsaya musu. Allah ya sa wannan takarda ta same ka a ranar da zuciyarka ke da sarari. Mu kuma Allah ya ba mu zaman lafiya a hanyoyinmu.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Malam Lawali,
Malamin kimiyya, Gusau.